Takobin da Ba Ya Yanka

Injin yanka itace mai sarƙa, wanda ake jiyo kukansa a daji tun daga nesa, abu uku ne aka haɗa: injin da ke ja, sarƙar da ke ci, da wani dogon ƙarfe shimfiɗaɗɗe da sarƙar ke zagayawa. Biyun farko sunansu a fili yake. Na ukun ne ya hana ni sakat.

Masu farfaɗo da tsofaffin injina ne suka jawo mini wannan tunani. A Jamus da Amurka da Kanada akwai mutanen da sha'awarsu ke nan. Mutum zai tsinci tsohuwar Stihl 090 a kusurwar sito, tsatsa ta cinye ta, ya kwance ta noti-noti, ya wanke, ya sake fenti, ya yi ta fama har ta tashi. Injinta cc 137 ne, ya fi na babur ɗin acaɓa girma. Da ta tashi kuma sai ransa ya biya ga wani abu: yana son ya ɗaura mata ƙarfe mai inci 72, ƙafa shida cur, irin na tsofaffin hotunan dazuzzukan Oregon da Biritish Kolombiya, inda gindin itace ɗaya ke fin tsawon mutum kauri. Wani tsada ke hana shi saye, wani gindin na kasuwa ne bai dace da injinsa ba, wani kuwa so yake kawai ya ƙera da hannunsa.

To, me zai ce yana ƙerawa?

Idan Bajamushe ne, zai ce "Schwert", wato takobi. Mutumin Suwidin zai ce "svärd", na Norwe "sverd", duk takobi. A Sifen "espada" ne, takobi. A Birazil "sabre", takobin sojan doki. A Turkiyya "pala", gajeren takobi mai faɗi. Harsunan da ba dukansu ne uwa ɗaya uba ɗaya ba sun dubi ƙarfen nan sun ga abu guda. Ba a kuma ga laifinsu ba: dogo ne, shimfiɗaɗɗe, yana ƙyalli, ana riƙe shi ta gindi a tunkari abin da za a sare.

Sai dai ɗauke sarƙar, ka shafa babban yatsanka a gefensa. Babu kaifi ko na yankan albasa. Abin da za ka ji leɓɓa biyu ne masu santsi, da siririyar tsaga a tsakaninsu, ta tashi daga gindi, ta zagaya hanci, ta dawo gindi ta ɗaya gefen. A cikin tsagar nan 'yan ƙafafun sarƙa ke gudu, a kan leɓɓan kuma jikinta ke zamewa.

Shi ya sa Bajamushen da ya ce takobi a daji, in ya buɗe littafin kamfani sai ya tarar da wani suna daban, "Führungsschiene": farkonsa jagoranci, ƙarshensa ƙarfen layin dogo. Bafaranshe bai ma bi ta kan takobi ba, ya ce "guide-chaîne", mai yi wa sarƙa jagora. A Folan "prowadnica" ce, daga kalmar da ke nufin jan gaba. Ashe sunayen gida biyu suka rabu. Akwai na ido, akwai na aiki.

Kalmar "Schiene" ta yi tafiya. Ta shiga Rashanci ta zama "shina", kuma da ita Barashe ke kiran wannan ƙarfe. A harsunan biyu tana da wata ma'ana da ta burge ni: abin da ake ɗaure karaya da shi, karan ɗori ke nan a wajenmu. Na ce ta burge ni domin a hannun likita aka fara ganin sarƙa tana zagaya ƙarfe. A 1830 Bernhard Heine na garin Würzburg ya ƙera wata na'ura mai 'yar sarƙa da ke bin gefen wani ƙarfe in an murɗa mariƙi, don yanka ƙashi. Ya kira ta "osteotome", daga Girkanci, mai yanka ƙashi. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin dabarar ta kama daji sosai: Andreas Stihl ya fito da na lantarki a 1926, Emil Lerp ya fito da mai shan fetur a 1927, ya raɗa wa kamfaninsa sunan dutsen da ya gwada injin a kansa, Dolmar.

Turanci, wanda ya saba da yawan kalmomi, a nan rowa ya yi. "Bar" kawai, sanda. Baƙo a sana'ar kan ce "blade", tsofaffin hannu su gyara masa nan take. Suna da gaskiya, kuma Hausa na iya nuna dalilin fiye da Turancin. Mu gatari gida biyu muke raba shi, ƙota da ruwa. Ruwan gatari, ruwan wuƙa, ruwan fartanya: ruwa shi ne ɓangaren da ke ci. Ƙarfen nan kuwa ba ya ci, ba kuma shi ake riƙewa ba. Ba ruwa ba ne, ba ƙota ba ne.

Ko kiran injin da zarto ma da ɗan gyara. Zarto karta yake yi, yana fid da gari. Haƙorin sarƙar zamani sassaƙa yake yi, yana fid da ɓarɓashi manya-manya, kamar ƙananan gizago ne aka jera. Joseph Cox ne ya kawo wannan haƙori a 1947 a Portland, bayan ya tsaya ya kalli yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture da muƙamuƙanta masu lanƙwasa. Mutanen Indunusiya ba su wahalar da kansu ba, suka ɗauki sunan Turanci na injin suka tauna, ya fito "senso".

Mu koma wurin mai ƙira. Shi dai dole ya gaskata sunan aiki, domin in ya ƙera takobi ya yi asarar ƙarfensa. Tsaga yake ƙerawa, sauran ƙarfen duk don ya riƙe tsagar ne.

Zai fara da farantin ƙarfe mai kyau, ya zana siffa, ya kai a yanka masa da leza ko da ruwa mai tsananin matsi gauraye da yashi. Ga wurin da ruwa ya yi aikin ruwa. Siffar kuma ba miƙaƙƙiya ba ce kamar yadda ido ke zato. Tsakiyar ta fi gindi da hanci faɗi, masu sana'ar suna ce wa wannan ciki, ko tumbi. Ba ado ba ne. Sarƙa in aka ja ta a kan miƙaƙƙen layi, tsakiyarta sakwa-sakwa take zama, tana neman fita daga hanya. In aka ja ta a kan abu mai ɗan doro sai ta manne masa. Gwargwadon tsawon ƙarfe, gwargwadon bukatarsa ga tumbi.

Hanci, tumbi, wutsiya, haƙora. Duk wanda ya daɗe da kayan aiki, jiki yake ba shi.

Sai tsagar. Faɗinta yana da suna, kuma sunan mun daɗe da aronsa: geji, wanda mai faci ke gwada iskar taya da shi. A Turanci da wannan kalma ake kiran tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin dogo biyu, leɓɓan nan biyu kuma da sunan ƙarafan layin dogo ake kiransu. Tsohon layin da ya iso Kano gejinsa ƙafa uku da inci shida ne. Na wannan ƙarfe kuwa 0.063 na inci ne a manyan injina, wato milimita 1.6, kaurin katin ATM biyu da 'yar ɗoriya. Akwai 0.058, akwai 0.050. A ido duk ɗaya suke. A aiki kuwa, in tsaga ta yi wa sarƙa yawa sai ta riƙa kwanciya gefe, yanka ya karkace. In ta yi mata kaɗan sai ta cije, ta yi zafi, ƙarfen ya yi shuɗi.

Dubi aikin da kyau. Siririn faifai mai haƙora zai bi gefen ƙarfe sama da ƙafa goma sha biyu, zuwa da dawowa, ba tare da ya kauce daga tsakiya ba. In ya kauce, leɓe ɗaya zai fi ɗaya kauri, siririn ya riga cinyewa, sarƙar ta jingina can. Ƙarfen kuma ya fi teburin injin da ke yanka tsagar tsawo, saboda haka sai an yanka kaɗan, a kwance, a tura, a sake ɗaurewa, a sake daidaitawa, kowane matsi wata dama ce ta kuskure. Zurfin ma sai ya fi ƙafar sarƙa, don ta hau leɓe, kada ta taka ƙasan tsaga.

Akwai wata dabara da ta fi sauƙi: a haɗa faranti uku, na tsakiya ya fi na waje ƙanƙanta, a ɗiɗɗiga musu walda. A nan ba a yanka tsaga, barinta ake yi. Galibin gajerun da ke kasuwa haka aka yi su. Mai ƙafa shida kuwa an fi amincewa da guda ɗaya.

Awo na biyu shi ne tazarar gaɓoɓin sarƙa. Bajamushe ya ce "Teilung", rabo. Bafaranshe ya ce "pas", Basifane "paso", Barashe "shag", ukun nan duk taku suke nufi. Na fi son nasu, don sarƙa tafiya take yi. Yadda ake auna takun ma abin sha'awa ne: a ɗauki tsakanin ƙusa uku a jere a raba biyu, saboda tazarar ba ɗaya ba ce, gajeriya da doguwa ke bin juna. Manyan injina takun 0.404 suke ja. Waɗanda suka girme su akwai masu rabin inci, har da masu kashi uku cikin huɗu.

Dogon ƙarfe kuma sarƙa ta daban yake so, wadda aka rage wa haƙora da gangan, ana tsallake gurbi, don injin ya huta kuma ɓarɓashi ya sami wurin zama kafin ya fita daga cikin itace. Da farko na so in ce mata mai giɓi. Amma giɓi rashi ne, haƙori ne ya faɗi. Wannan da ita aka yi ta. Mai wushirya ce.

Hanci shi ya fi shan wuya, nan sarƙa ke juyawa da dukkan nauyinta. Na zamani ana saka masa ɗan gargare mai haƙora. Na da kuwa busasshe ne, sai dai a yi masa walda da wani gami mai taurin gaske da ake kira "Stellite". Elwood Haynes na jihar Indiyana ne ya haɗa shi a farkon ƙarni na 20, ya samo sunan daga "stella", tauraro a Latin, saboda ƙyallinsa da ba ya dushewa. Jigon gamin kobalt ne, shi kuma sunansa daga "Kobold" ya fito, aljanin ramin da mahaƙan Jamus ke zargi da ɓata musu tama. Tauraro da aljani a kan hanci ɗaya. Mai son injinsa ya yi kama da zamaninsa, wannan hancin zai zaɓa.

Bayan haka sai wuta. Leɓɓan kaɗai ake taurarawa, a bar jikin da ɗan laushi, don in duka ya yi tauri tsagewa zai yi a lanƙwasar farko. Wuta kuma ba ta barin dogon ƙarfe a miƙe. Sai an koma kan uwar maƙera da guduma, a buga kaɗan, a ɗaga a hanga ta gindi da ido ɗaya, a sake bugawa. A nan kam maƙerin takobi da mai wannan aiki sun haɗu.

Ƙafa shida na da nauyi, kuma in an kwantar da shi hancin saukowa yake yi. Don haka akan huda ƙarshensa a ɗaura mariƙi, mutum na biyu ya kama. Kafin injina, dogon zarton da mutum biyu ke ja a dazuzzukan Amurka laƙabinsa "misery whip", bulalar wahala. An yi shekaru ana neman injin da mutum ɗaya zai ɗauka, har kamfanin McCulloch ya fito da mai nauyin fam 25 a 1949, Stihl ya fito da Contra a 1959. Ga shi mai farfaɗo da tsohon inji ya sake kiran abokin aiki da kansa, kuma da murna.

Saura namu sunan. Takobi zai yi saurin kama baki, na sani, kuma in an bar wa 'yan katako zaɓi ina zaton shi za su ɗauka. Magudanar sarƙa ya faɗi gaskiya, amma tsagar kawai ya kama. Ni jagora nake so. A fasa kalmar a gani: ja, gora. Mai riƙe bakin sandar makaho yana tafe a gaba. Sarƙa makauniya ce, a injinan yau tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda, ba ta san inda ta nufa ba sai inda ƙarfen ya nuna. Abin da Jamusanci ya ɗinka da kalmomi biyu, jagoranci da sanda, yana nan a dunƙule cikin kalmarmu tun tuni. Akwai 'yar tangarɗa, kuma ba zan ɓoye ta ba: a wajen makaho gorar ake ja, a nan gorar tsaye take, sarƙar ake ja. Duk da haka na fi yarda da ita.

Sau ɗaya ne ƙarfen nan ke yin kaifi. In ya sha aiki, sarƙa takan tura gefen leɓɓansa waje su yi wani siririn baki da ke yanka yatsa kafin a ankara. Alamar ciwo ce, maganinta kuma magagari: a kwantar da shi a goge bakin, a daidaita leɓɓan biyu su koma tsawo ɗaya. Sannan a juya ƙarfen, na sama ya koma ƙasa, don ya ci daidai. Na kamfani rubutun da ke jikinsa ke nuna ko an juya, shi ya sa ake ganin sunan a kife a hannun waɗanda suka san aiki. Wanda aka ƙera a gida ba shi da rubutu. Mai shi yakan ɗauki ƙusa da guduma ya buga ɗigo ɗaya kusa da gindi, a fuska guda.