Takunkumi ko Kwalkwali?

Wani ɗan ƙanwata ne ya shigo da abin gidanmu na Atonsu a Kumasi da yammacin wata Asabar. Ya ce a tulin gwanjo ya tono shi a kasuwar Kejetia, ƙarƙashin takalman da suka rabu da 'yan'uwansu. Keji ne na ƙarfe daidai faɗin fuska, an yi masa matashi na fata a goshi da haɓa, ga maɗaurin roba a baya, ga wani ɗan faifai yana reto a ƙasa kamar gemun bunsuru. Mai gwanjon bai san sunansa ba, shi ya sa ma ya sallama da arha. Yaron ya kifa shi a fuska ya ce, "Kawu, wannan mene ne?" Kafin in buɗe baki, Hajiya da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa ta riga ni: "Takunkumi ne mana. Cire shi, kai jaki ne?" Nan take ya cire, kuma bai ƙara sa shi a gabanta ba.

Abin na masu wasan besbol ne da ƙanwarsa sofbol. Mutum uku ne a tsakiyar wasan: mai jifa, da mai sanda da ke ƙoƙarin maka wa ƙwallon duka, da wani a tsugune a bayan mai sandan, yana cafke duk wadda ta wuce. Wannan na ukun shi ne mai kejin. Wasan baƙo ne a Kumasi. Garin tamaula ne, garin Asante Kotoko da King Faisal, kuma daga Atonsu ba wata tafiya ba ce zuwa filin Baba Yara. Besbol ɗin da ake yi a Gana ya fi zama a Ankara, inda Japanawa suka daɗe suna koya wa 'yan makaranta. Abin da ya fi kusa da shi a lungunanmu shi ne caskele, wanda yara ke yi da gwangwanin madara da aka mitsittsike, da sanda, da tsohuwar tayar mota: wannan ya jefa gwangwani yana neman ramin taya, wancan ya tare da sanda ya watsa shi nesa. Duk wanda ya yi yarinta a zango ya san ƙarar da gwangwanin nan ke yi idan ya wuce ta gefen kunne, ya kuma san wani mai tabo a gira.

Sunan sofbol ɗin kansa shi ne matsala ta farko, domin ma'anarsa da Turanci ƙwallo mai laushi. A farkon lamari sunan bai yi ƙarya ba. A birnin Shikago na Amurka aka fara wasan a 1887, cikin zauren wata ƙungiyar 'yan kwale-kwale, inda wani George Hancock ya ɗaure safar dambe da igiyarta ta zama dunƙule, aka riƙa dukanta da sandar tsintsiya. Shekaru da yawa kowane gari da sunan da yake kiransa, wasu ƙwallon kyanwa, wasu ƙwallon kabewa, har 1926 da Walter Hakanson na birnin Denba ya ba da sunan da ya zauna. To, sunan ya zauna, ƙwallon kuwa ta ci gaba da tauri. Wadda ake bugawa yau kewayenta inci 12 ne, nauyinta ya kusa giram 200, ta fi ta besbol girma da nauyi, cikinta kuma daskararre ne kamar ɗanyen gwanda. Manyan 'yan wasa mata suna wurga ta da gudun da ya haura kilomita 110 a awa, daga tazarar ƙafa 43 kacal. Yarinya 'yar shekara 12 da ta sami koyarwa tana jifa daga ƙafa 40, kuma tana iya kai kilomita 70 a awa. Mai lissafi ya lissafa: abin da ke tsakanin sakin ƙwallo da isowarta bai wuce rabin sakan da 'yan kai ba.

Amurkawa suna da wani suna da yake ba ni dariya, yana kuma ba ni tausayi: baban bokiti. Shi ne uban da 'yarsa ke koyon jifa, ya kifa bokitin ƙwallaye a bayan gida ya zauna a kai, daga shi sai gajeren wando da safar cafka, yana karɓar jifa ɗari kowace yamma. A gasar yara doka ta tilasta wa yaron da ke cafka ya rufe fuska da maƙogwaro ko da ɗumi kawai mai jifa ke yi. Uba a bayan gidansa babu alƙalin wasa a kansa. Kalmomi biyu ne ke cin amanarsa, "laushi" da "yarinya". Alhali jifar ɗan koyo ta fi ta gwani haɗari ga mai cafka, don gwani inda ya nufa nan ƙwallo ke zuwa, ɗan koyo kuwa shi kansa bai san inda za ta sauka ba. Ta daki ƙasa taki biyu a gabanka ta yi tsalle ta sami ƙwauri, ko haɓa, ko wurin da ba a faɗa a gaban surukai. Wadda ta fi muni ita ce ta tsakiyar ƙirji, domin likitoci sun san duka a daidai saitin zuciya, idan ya zo a wani ɗan taƙi na bugunta, yana iya tsayar da ita ko da ƙashi bai karye ba, kuma yara maza masu tasowa aka fi gani da wannan.

Su ma masu wasan ba su karɓi kayan nan hannu biyu ba. Kejin fuska wani ɗalibin jami'ar Harvard ne, Fred Thayer, ya kwaikwayo shi daga na masu wasan takobi, abokin wasansa James Tyng ya fara sa shi a 1877. Roger Bresnahan na ƙungiyar New York Giants ya fito da abin kare ƙwauri a 1907, irin na 'yan kurket, 'yan kallo suka yi masa ihu, suna ganin ragwanci ne. Gemun bunsurun nan kuwa bai zo ba sai bayan 1976, da tsinken karyayyar sanda ya soki Steve Yeager na Los Angeles Dodgers a wuya. Kusan kowane yanki na kayan sai da jini ya zuba aka ƙirƙiro shi. Duk da haka laƙabin da 'yan wasan suka ba kayan gaba ɗaya shi ne "kayan aikin jahilci", wai mai hankali ba zai zaɓi aikin da sai da su ba.

Mu ma mun yi irin wannan da hular kwano. Suna ne na raini tun daga tushe: kwano abin zuba tuwo ne, wa zai kifa shi a ka ya shiga gari da girmansa? Da aka tilasta sa ta a Najeriya a watan Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya, wasu tukunya, har labarin ya zaga duniya. Ba na cewa sunan kaɗai ya jawo haka, akwai tsada, akwai zafi, akwai tsoron asiri a hular da wani ya sa. Amma wanda aka ce wa ya sa kwano, ya kawo ƙwarya, ai bai kauce daga ma'ana ba. Takunkumi ma haka. Na dabba ne, na jaki da raƙumi da kurar gardi, daga baya 'yan jarida suka ara wa hukuncin da ake ƙaƙaba wa ƙasa, sannan a 2020 aka liƙa shi ga ƙyallen rufe hanci. Ko'ina ya je, tilas da wulaƙanci yake ɗauke da su. Hajiya ba ta yi kuskure a siffa ba, kejin ya yi kama da takunkumi. Illa dai takunkumi yana hana bakin da ke ciki yin ɓarna ne, shi kuwa wannan ɓarnar daga waje take zuwa.

Abin mamaki, Hausa ba ta rasa sunayen girma ga irin waɗannan kaya ba, suna nan a jibge a ɗakin hawan salla. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke rigar zobban ƙarfe ce, maganin kaifi. Kwalkwali na ka ne. Lifidi kuwa, wanda asalin kalmarsa Larabci ce, tufa ce mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke layi-layi, ana sa wa doki da mahayinsa. Duba abin da mai cafka ke ɗaurawa a ƙirji: matashi ne mai layi-layi, aikinsa ya shanye ƙarfin duka ya baza shi. Wannan lifidi ne sak, ba sulke ba, domin ƙwallo ba ta yanka, dannawa take yi. Sau da yawa masu fassara suna ruga wa sulke don ya fi daɗin faɗa, har rigar da harsashi ba ya hudawa sulke ake ce mata, kuma can ya dace. A nan lifidi ya fi gaskiya. Kuma ba a taɓa jin an yi wa ɗan lifidi ihu ba. A gaban sarki suke tafiya, har sarauta gare su.

Garkuwa ita ce ta fi kowacce yawo. Ta bar hannun mayaƙi ta zama sarauta, ta shiga bakin likitoci a garkuwar jiki, ta sauka a fagen dambe, inda hannun da aka naɗe da kara yake mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe yake garkuwa. Safar mai cafka, mai kauri kamar gammo, ba ta da yatsu a rarrabe irin na safar gola, kuma ita ake miƙawa gaba a tare. Da ɗan dambe zai gan ta, ba zai yi dogon tunani ba.

Kumasi tana da nata babin a wannan zance. Baturen nan Thomas Bowdich da ya zo garin a 1817 ya rubuta yadda jarumawan Asante ke sa riguna da aka lulluɓe da layu, waɗanda suke saye da tsada daga hannun malaman Musulmi mazauna garin. Har yau Asantehene, sarkin Asante, yana da babbar batakari mai layu da yake sawa a manyan al'adu. Wato kakannin mutanen zango sana'ar kariya suka yi a garin nan, irin tasu. Ko Robert Mensah, golan Kotoko da ya rasu a 1971, hularsa ta shahara ne saboda abokan hamayya sun ɗauka akwai wani abu a cikinta. Wataƙila shi ya sa har gobe yaro zai yarda ya ɗaura kambu a damtse da alfahari, amma ya ji kunyar abin kare ƙwauri. Na sha ganinsu a filin ƙasa na unguwa: hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta wajabta shi tun 1990, su kuwa kwalin indomi suke yankawa su cusa a safa, ko tafin tsohon silifa, su ce shingad ne. Wanda ba shi da ko kwalin ya ce shi ƙashinsa ƙarfe ne.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai tsugunon nan macafki ne, daga cafka, yadda muka sami mahayi daga hawa. Na fuskarsa kwalkwali, na ƙirjinsa lifidi, na ƙafarsa lifidin ƙwauri, na hannunsa garkuwa. Wasan kuma a bar shi da sofbol ɗinsa a bakin Bahaushe, inda kalmar ba ta nufin komai. Kada wani mai fassara ya yi mana gwaninta ya ce "ƙwallon laushi" a rediyo. Malaman motsa jiki na makarantun zango da wata ƙungiya za ta kawo wa kayan wasan nan kyauta, ku ƙirga kwalkwali da lifidi kafin ku ƙirga sanduna, kuma wanda zai tsuguna gaban yarinya, malami ne ko uba, ya ɗaura nasa tun kafin jifar farko.