Holan: Ƙasar da Rashi Ya Koya wa Neman Arziki

Kusan rubu'in ƙasar Holan yana ƙasa da bakin teku, kuma a zamanin da yawancin yankin fadama ce wadda hatsi ba ya yi sosai a cikinta. Tilas ta sa mutanen ƙauyuka suka haɗa kai suna gina ganuwar tare ruwa, kowane gida da nasa kason aiki da na kuɗi. A nan suka koyi haɗa jari da riƙon amanar lissafi.

Da ƙasa ta gaza ciyar da su, sai suka faɗa teku. Suka kama kifi suna sa masa gishiri, suna kai shi ƙasashen Tekun Baltik, su komo da hatsi da katako. Wannan fatauci ne ya raya birnin Amsterdam. Cikin 1602 aka kafa Kamfanin Gabashin Indiya, inda mai ƙaramin ƙarfi ma yake iya sayen hannun jari. Cikin 1609 kuma aka buɗe Bankin Amsterdam.

Amma fa dukiyar ba duka ce ta halal ba. A 1637 suka ƙwace sansanin Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga hannun Fotugis, suka mai da shi mashigar cinikin bayi. Daga 1830 kuma suka tilasta wa manoman Jawa noman rake da kofi domin baitulmalin Holan.

Jarrabawa mafi wuya ta zo musu ne ta hanyar sauƙi. A 1959 aka gano iskar gas mai ɗimbin yawa a Groningen. Kuɗin waje ya kwararo, darajar gilda ta hau, kayan masana'antunsu suka yi tsada a kasuwannin duniya, ma'aikata da yawa suka rasa aiki. A 1977 mujallar The Economist ta raɗa wa wannan hali suna "cutar Holan", sunan da har yau ake kiran ciwon ƙasashe masu man fetur da shi. Haƙar ta jawo girgizar ƙasa, gidaje suka tsattsage, har aka dakatar da ita a 2023.

Dukiyar da Holan ta tara da gumi da tsari ta yi ƙarnuka tana haihuwa. Wadda ta tsinta a ƙarƙashin ƙasa kuwa, cikin shekara ashirin ta soma raunana masana'antunta. Da ma Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.