Tarihin John McEnroe a taƙaice

A tarihin wasan tenis, da wuya a sami ɗan wasan da ya haɗa gwaninta da zafin rai kamar John McEnroe na Amurka.

An haife shi ranar 16 ga watan Fabrairun 1959 a Wiesbaden ta Jamus ta Yamma, ya kuma tashi a birnin New York.

Duniya ta fara jin sunansa a 1977, lokacin da ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Wimbledon yana ɗan shekara 18.

McEnroe, wanda bahago ne, ya lashe manyan kofuna bakwai: US Open a 1979 da 1980 da 1981 da 1984, sai Wimbledon a 1981 da 1983 da 1984. Sau biyar yana cikin tawagar Amurka da ta ɗauki Kofin Davis.

Babban abokin hamayyarsa shi ne Bjorn Borg na Sweden, mutum mai sanyin hali. Borg ya doke shi a wasan ƙarshe na Wimbledon a 1980, amma McEnroe ya rama a 1981, ya kawo ƙarshen shekaru biyar da Borg ya yi yana riƙe da kofin.

A gasar 1983, ɗan Nijeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu kafin Chris Lewis na New Zealand ya fitar da shi. Lewis ɗin ne McEnroe ya lallasa a wasan ƙarshe.

A 1984 ya buga wasanni 85, ya yi nasara a 82. Har yanzu babu namijin da ya kamo wannan bajinta tun da aka buɗe manyan gasa ga ƙwararru a 1968.

Sai dai fushi ya sha ja masa asara. Yakan yi wa alƙalan wasa tsawa, ya yi jifa da abin buga ƙwallo, abin da ya sa aka ci shi tara sau da dama.

A 1990 aka kore shi daga gasar Australian Open saboda zagin jami'an wasa.

Ya yi ritaya a 1992 da kofuna 77 na wasan ɗaiɗai, daga bisani ya koma sharhin tenis a talabijin.