Gora: Ciyawar da ke gama tsawonta cikin damina guda

Garin Wurno da ke arewa maso gabashin birnin Sakkwato ya yi suna ne wajen noman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamar gulbin Rima. Gora ba ta cikin abubuwan da aka san yankin da su.

To sai dai kuma yayin da itacen rufi da na girki ke ƙara wuya a can ƙuryar arewacin Nijeriya, masana gandun daji a Afirka na yawan ambaton gora a matsayin tsiron da magidanci zai iya dasawa a bayan gida, ya riƙa sarar abin da yake bukata kowace shekara ba tare da ya kashe ta ba.

Ko hakan zai yiwu a wurare irin su Wurno da Rabah da Goronyo? Amsar dai ta rataya ne a kan yadda gora ke fitar da sabon toho, da kuma ruwan da take samu a 'yan makwannin da take yin haka.

Wace gorar?

Da farko akwai bukatar a bambance. Goran da ake zuba ruwa ko fura, wanda masunta ke hawa a bikin kamun kifi na Argungu, ɗan duma ne. Gorar da ake magana a kanta a nan ita ce mai gaɓa-gaɓa wadda ake yin sanda da ita.

Haka kuma ba ita ce gwangwala ba, ko da yake a kasuwa akan haɗa su. Gwangwala reshen tukurwa ce, ita kuwa tukurwa dangin giginya da goriba ce.

Duk da tsawonta, masana tsirrai ba su sa gora cikin itatuwa ba. Ciyawa ce, 'yar uwar gero da dawa da rake da shinkafa, kuma akwai nau'o'inta fiye da 1,400 a duniya, akasarinsu a nahiyar Asiya.

Biyu daga cikinsu ne suka shafi Nijeriya. Akwai wadda masana ke kira Bambusa vulgaris, mai faffaɗan rami a ciki, wadda asalinta daga Asiya ne amma ta bazu a kudancin ƙasar. Ita ce magina suka fi tokare dekin da ita kafin kankare ya bushe. Tana son ruwa ƙwarai.

Ta biyun ita ce Oxytenanthera abyssinica, 'yar asalin Afirka, wadda ke fitowa da kanta tun daga Senegal har zuwa Habasha, musamman a bakin rafuka da gindin duwatsu. Sandarta ba ta cika kauri ba, raminta ƙanƙane ne, wani lokaci ma babu shi sam. Tsawonta yakan kai mita biyar zuwa goma. Idan rani ya tsananta takan zubar da ganye ta yi kamar ta mutu, sannan ta farfaɗo da saukar ruwa. Wannan ce ke da damar rayuwa a ƙasar Sakkwato.

Yadda toho ke fitowa

Ainihin jikin gora a ƙarƙashin ƙasa yake. Tana da wata saiwa mai kauri da ke kwance, kamar ta citta, mai ɗauke da idanu irin na rake. A cikinta ne ake tara abincin da ganyen bara ya samar.

Idan damina ta kankama ƙasa ta jiƙu sosai, sai wasu daga cikin idanun su kumbura, su tsaga ƙasa, su fito kamar ƙahon sa, lulluɓe da ɓawo mai gashi mai ƙaiƙayi.

Abin da ya kamata mai lambu ya sani shi ne, tohon yana fitowa ne da kaurin da zai zauna da shi har iyakar rayuwarsa. Itace yana ƙara kauri kowace shekara, gora kuwa ba ta yi. Haka nan duk gaɓoɓin da sandar za ta yi suna nan a dunƙule cikin tohon tun kafin ya fito, abin da ke faruwa kawai shi ne tsakanin gaɓa da gaɓa ya miƙe.

Wannan ne sirrin saurin girmanta. Kundin bajinta na Guinness ya rubuta cewa wasu nau'o'in gora kan ƙaru da santimita 91 a kwana guda. Gorar Afirka ba ta kai haka ba, amma duk da haka cikin wata biyu zuwa huɗu sanda takan kai iyakar tsawonta, sannan ta soma fitar da rassa da ganye. Daga nan ba za ta ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Abin da ya rage mata shi ne ƙwari. A shekarar farko sandar ɗanya ce, cike da ruwa, ba ta da wani amfani ga magini. Sai ta shekara uku zuwa huɗu take ƙosawa.

Saboda haka idan ruwa ya yanke a tsakiyar wannan lokaci, ko akuya ta gutsire kan tohon, to an yi asarar sandar wannan shekara ke nan, sai kuma baɗi. Ko a damina mai albarka ma ba kowane toho ke kai labari ba, domin uwar takan bar wasu su bushe idan abincin da ta tara bai isa ba.

Sabon dashe kuma yakan ba mutane haushi. A shekarar farko da ta biyu abin da ke fitowa bai fi kaurin yatsa ba, har mutum ya ɗauka an ba shi mugun iri. Kowace damina toho na fin na bara kauri, kuma sai bayan shekara huɗu zuwa shida gindin ke soma ba da sanduna cikakku.

Batun ruwa

A nan ne ƙasar Wurno ke da matsala. Ruwan saman da ke sauka a yankin Sakkwato a shekara yawanci tsakanin milimita 600 ne zuwa 700, kusan dukkansa daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma a bazara zafi kan wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyas.

Gorar Afirka kuwa, duk da juriyarta, ta fi samun kanta a inda ruwa ya zarce haka. Wato ke nan yankin yana kan iyakar abin da za ta iya ɗauka, shi ya sa a Nijeriya aka fi ganinta a dazuzzukan tsakiyar ƙasar.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya dasa gora a kan tudu mai jigawa ya bar ta ga ruwan sama kaɗai, da wuya ya ga abin kirki. Inda take da dama shi ne cikin lambu, ko garka kamar yadda ake cewa a ƙasar Sakkwato, kusa da rijiya, ko inda ruwan wanke-wanke da na alwala ke gangarawa, ko kuma a gefen fadama inda ruwan ƙasa ba ya da nisa.

Ta wannan fuskar yankin bai rasa abin dogaro ba. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima an gina ta ne don ta riƙe ruwa cubic mita miliyan 942, kuma ita ce ke ciyar da noman rani a fadamun da ke ƙasa da ita. Rabah kuma tana bakin gulbin Sakkwato. Noman lambu daɗaɗɗen abu ne a Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi, ya zauna, ya kuma rasu a 1837.

Sai dai gefen fadama aka ce, ba tsakiyarta ba. Gora na son laima amma ba ta son kwanciyar ruwa, saiwarta kan ruɓe idan ta yi makwanni a nutse. Ambaliyar watan Satumban 2010, wadda ta raba dubban mutane da gidajensu a Goronyo da Wurno da maƙwabtansu, ta nuna iya inda ruwan Rima kan kai. A gaɓar da ta ɗan ɗaga kuwa, sarƙaƙƙiyar saiwar gora na taimakawa wajen riƙe ƙasa kada ta zaizaye.

Dashe a gida

Hanya mafi tabbas ita ce a haƙo sanda mai shekara ɗaya ko biyu tare da saiwarta da idanunta, a datse ta a bar kamar mita guda, a dasa a farkon damina cikin rami mai zurfin kamu ɗaya da aka cakuɗa ƙasarsa da taki. Gorar kudu takan kama ko da guntun sanda aka binne, amma ta Afirka ba ta cika yarda da haka ba. Ana iya shuka ƙwayarta idan an samu, sai dai ba ta jure dogon ajiya.

A rani biyu na farko ban ruwa wajibi ne. Shinge ma haka, domin a garin da awaki ke yawo sake, ɗanyen toho ba zai kwana ba.

A ƙasashen Turai da Amurka gora ta yi ƙaurin suna wajen haddasa rigima tsakanin maƙwabta, saboda wasu nau'o'in da ake dasawa can saiwarsu na tafiya mita da yawa a ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo a gidan wani. Nau'o'in biyu da ke Nijeriya ba haka suke ba, a dunƙule suke zama, gindin na faɗaɗa sannu a hankali. Duk da haka hikima ce a ba ta tazarar mita uku ko huɗu daga katangar ƙasa.

Haka nan ba a haɗa ta da fagen albasa. Saiwoyinta a sama-sama suke, masu yawa ne kuma, sukan shanye ruwa da takin duk abin da ke kusa. Ganyen da take zubarwa taki ne mai kyau idan an tara shi a gindinta, amma idan aka bar wurin ya cunkushe yakan zama maɓoyar macizai, ga kuma haɗarin gobara lokacin hunturu.

Sara da ajiya

Yawancin gorar da ke lalacewa a hannun mutane wajen sara take lalacewa. Sandunan da ke bakin gindi, masu sheƙi da sauƙin kaiwa, su ne sababbi, kuma su ne ke ciyar da tohon baɗi. Tsofaffin da suka isa sara suna can ciki, launinsu ya dushe, ɓawonsu ya zube. Wanda ya bi sauƙi ya sare na waje ya samu sanda marar ƙwari, ya kuma raunana uwar.

Lokacin sara shi ne rani, ba lokacin da toho ke fitowa ba. Ana yanka ne dab da saman gaɓa ta farko ko ta biyu, don kada kututturen ya tara ruwa ya ruɓe.

Babban aibin gora shi ne gara da ƙananan ƙwarin da ke huda ta su maishe ta gari, saboda zaƙin da ke cikinta. Sandar da ba a yi wa komai ba, idan tana taɓa ƙasa, da wuya ta wuce shekara biyu. Jiƙa ta cikin ruwa na wasu makwanni kafin a shanya a inuwa na rage wannan, haka ma hayaƙi. A masana'antu kuwa ana tsoma ta ne cikin ruwan sinadarin boraks.

Me za ta maye?

Ba za ta maye azara ba. Azarar giginya na iya shekaru da dama a rufin soro gara ba ta taɓa ta ba, amma ita giginyar sai ta shekara gommai kafin ta isa sara, kuma sara ɗaya ake yi mata. Gora ta fi dacewa da tankar ɗaki da rumfa da shinge da tsani da ƙotar kayan aiki, ga ganyenta abincin dabbobi ne. Ana kuma yin gawayi da ita. Ƙungiyar INBAR ta ƙasashe masu noman gora, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a birnin Beijing, kuma Nijeriya na cikinta, ta gudanar da shirin gawayin gora a Habasha da Ghana daga 2009.

Ba za ta kori dogon yaro ba kuma. Shi ne ya tabbatar da kansa a kan tudu, kamar yadda aka gani a layukan kare iska da aka soma dasawa a kwarin Majiya na Jamhuriyar Nijar a 1975. Fifikon gora a kansa shi ne miƙaƙƙiyar sanda marar nauyi da take bayarwa kowace shekara.

Samun irin wannan a cikin gida ya ƙara daraja tun daga wajajen 2018, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka soma addabar gabashin jihar Sakkwato, har shiga daji neman itace ya zama kasada a ƙauyuka da dama.

A China da Japan da Thailand tohon gora abinci ne, kamar yadda Hausawa ke cin murucin giginya. Amma ɗanyensa na ɗauke da guba irin ta rogo mai ɗaci, sai an yanka an tafasa sosai an zubar da ruwan. Kuma kowane toho da aka ci, sanda guda ce aka rasa.

Akwai wata ɗabi'a ta gora da mai dashe ya kamata ya sani. Nau'o'i da yawa sau ɗaya suke fure bayan shekaru masu yawa, su zubar da 'ya'ya, sannan su bushe. A jihar Mizoram da ke arewa maso gabashin Indiya hakan na faruwa ne duk bayan kimanin shekara 48. Furen ƙarshen shekarun 1950 ya jawo yaɗuwar ɓerayen da suka cinye 'ya'yan gorar, suka koma kan gonaki da rumbuna, har aka yi yunwa, kuma abin ya sake dawowa a 2006 zuwa 2007.

Gorar Afirka ma takan yi fure ta mutu, wani lokaci daji guda gaba ɗaya. Dashen da aka ɓallo daga uwa yana tafiya ne da shekarun uwar, saboda haka duk gindin da aka samo daga tushe ɗaya lokaci guda za su yi fure. Wannan ne ya sa masana ke ba da shawarar a samo iri daga wurare daban-daban, kuma idan fure ya zo a tattara ƙwayar a shuka ta a daminar da ke biye.