Ranar Girki Da Ranar Albashi: Tarihin Aikin Gida A Tudun Wadan Zariya

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk lokacin da aka tayar da maganar wanda zai yi wanke-wanke a gidan da miji da mata duk suke fita aiki, ba a rasa mai cewa ai haka muka gada kaka da kakanni. To, bari mu duba abin da aka gada ɗin, mu ɗauki Tudun Wadan Zariya a matsayin misali.

Akwai wata dattijuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Wanda ya karanta zai ga cewa auren kulle yarjejeniya ce mai ɓangare biyu. Mace ta ɗauki daka da girki da reno, an kuma ɗauke mata noma. Ruwa da itace da abin da za a dafa suna wuyan miji. Abin da ta samu daga kaɗi ko wata sana'ar hannu nata ne ita kaɗai. Sannan ba mace ɗaya ke riƙe da murhu ba: kishiyoyi suna karɓar girki kwana bibbiyu, ga matan wa da ƙani a cikin gandu, ga 'ya'yan riƙo, kafin zuwan Turawa kuma ga kuyangi a gidajen masu hali.

Tudun Wada ba a kan wannan tsari ta ginu ba. Bayan Turawa sun kama Zariya a 1902, sai suka ware Sabon Gari kusa da tashar jirgin ƙasa, inda galibi mutanen Kudu suka zauna, Tudun Wada kuma a bayan ganuwa ta zama masaukin baƙi 'yan Arewa. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Jukun a 1945, ga makarantar horar da ma'aikatan mulki a Kongo, ga asibiti, ga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai unguwar ta cika da akawuna da malaman makaranta da malaman asibiti. Mutum ya baro Katsina ko Bida da amaryarsa, ya kama hayar ciki da falo, babu suruka babu faccala. Aikin da mata huɗu suke yi a gandu ya dawo kan guda. Duk da haka lissafin bai ɓaci ba, domin shi ne ke fita nema, ita tana gida.

Inda ya ɓaci shi ne lokacin da ita ma ta fara fita. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci malamai masu yawa, mata suka shiga koyarwa. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar Naira, albashi ɗaya ya daina kai gida ƙarshen wata. Sai kuɗin matar, wanda a da ko miji ba ya tambayar lissafinsa, ya shiga cefane da kuɗin makarantar yara. Ta ɗauki wani kaso na abin da ke kansa, shi kuwa a mafi yawan gidaje bai ɗauki komai daga abin da ke kanta ba. Dubi ma'aikaciyar jinya mazauniyar Tudun Wada bayan asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005: ta kwana a kan marasa lafiya, ta shiga motar haya ta ratsa Samaru, ta iso gida ta tarar da tukwanen jiya suna jiranta.

Abin mamaki, littattafan da ake karantawa a zaurukan Zariya sun fi mu adalci a wannan batu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa miji mai wadata ya samar wa matarsa mai yi mata hidima. Muhtasar Halil ya bayyana cewa idan ba haka ba, hidimar cikin gida irin kwaɓa da shara da shimfiɗa tana kanta, amma ba a tilasta mata saƙa ko kaɗi, domin wannan neman kuɗi ne, ciyarwa kuwa haƙƙin miji ce. Ashe malaman nan sun raba nauyi biyu, ba su haɗa wa mace duka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga mazan da ke ɗora wa mata girki da wanki don amfanin kansu, alhali sun bar su cikin jahilcin addininsu. Buhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ina mamakin yadda wasunmu suka haddace wannan hadisi don wa'azin walima, amma idan aboki ya same su da tsintsiya a hannu sai kunya ta kama su, kada a ce musu mijin tace.

Giɓin da ya rage kuwa, 'yar aiki aka sa ta cike shi. Yarinya ce ƙarama da ake ɗaukowa daga ƙauye ta hannun wata dillaliya, a biya iyayenta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ita ke tashi kafin asuba ta ɗora ruwan wanka, ta shirya 'ya'yan gida su tafi makaranta, ta tsaya a ƙofa tana kallonsu da jakunkunansu. Maigida malami, uwargida malama, amma yarinyar da ke wanke musu kwanuka ba ta iya rubuta sunanta ba. Halil ya yi maganar hadimi da miji zai ɗauki nauyinsa daga aljihunsa, a yau kuwa a gidaje da dama daga albashin matar ake biyan yarinyar.