Ye Shengtao (1894-1988) da Raya Sinancin Zamani

1.0 Gabatarwa

Har zuwa farkon ƙarni na 20, Sinawa suna magana da wani nau'in harshe, suna kuma yin rubutun ilmi da na hukuma da wani daban. Shi wannan na rubutu, wanda ake kira wenyan, harshen littattafan dauri ne, kuma sai wanda ya shafe shekaru yana karatu yake iya sarrafa shi. Wannan maƙala ta dubi rayuwar Ye Shengtao, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fafitikar ganin baihua, wato harshen da jama'a ke magana da shi, ya zama harshen adabi da na makaranta.

2.0 Tasowarsa da Koyarwa

An haifi Ye Shengtao a birnin Suzhou na lardin Jiangsu a shekarar 1894, kuma sunansa na asali Ye Shaojun. Da yake iyayensa ba masu hali ba ne, bai zarce jami'a ba, sai ya kama koyarwa a firamare a 1912. Daga 1917 ya koyar a garin Luzhi, inda ya ga yadda haddar tsofaffin nassoshi ke cinye ƙuruciyar yara ba tare da sun iya rubuta abin da ke ransu ba. A wannan shekarar ce Hu Shi ya yi kiran a koma rubutu da baihua, sannan yunƙurin 4 ga Mayu na 1919 ya ƙara wa kiran ƙarfi. A 1920 Ma'aikatar Ilmi ta umarci a yi amfani da baihua a ajujuwan farko na firamare. Sai dai umarni kaɗai ba ya wadatarwa idan babu littattafan da za a karanta, kuma wannan giɓin ne Ye ya duƙufa wajen cikewa.

3.0 Rubuce-rubucensa da Aikin Edita

A 1921 shi da Mao Dun da Zheng Zhenduo da wasu suka kafa Ƙungiyar Nazarin Adabi, wadda ta ɗauki adabi a matsayin madubin rayuwar al'umma. A 1923 ya fitar da Daocaoren (Mutum-mutumin Gona), ɗaya daga cikin littattafan labaran yara na farko cikin baihua. Littafinsa na ƙagaggen labari, Ni Huanzhi, ya fara fitowa a 1928. Labarin wani malami ne da ya yi burin gyara ƙasa ta hanyar ilmi, amma ya mutu burinsa bai cika ba.

A matsayinsa na edita a Shanghai, shi ne ya buga ƙagaggun labaran farko na Mao Dun da Ding Ling da Ba Jin a mujallar Xiaoshuo Yuebao. Daga 1930 ya koma kamfanin ɗab'i na Kaiming, inda a 1932 ya rubuta jerin littattafan karatun firamare waɗanda Feng Zikai ya yi wa zane.

4.0 Muƙamai da Siyasa

Bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, ya shugabanci kamfanin hukuma mai buga littattafan makarantu, a 1954 kuma ya zama mataimakin ministan ilmi. Shi da masanin nahawu Lü Shuxiang ne suka duba harshen kundin tsarin mulkin 1954. Ana kuma danganta masa sunan yuwen da aka raɗa wa darasin Sinanci, inda yu ke nufin magana, wen kuma rubutu. Juyin Juya Halin Al'adu na 1966 ya raba shi da muƙamansa. Daga baya ya zama mataimakin shugaban majalisar ba da shawara kan harkokin siyasa a 1983. Ya rasu a Beijin a 1988, aka binne shi a Luzhi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ɗaukaka baihua ta buƙaci dokar hukuma da adabi mai jan hankali da kuma littafin aji, Ye kuwa ya yi aiki a kowane ɗaya daga cikinsu. Ra'ayinsa a kan koyarwa shi ne, malami ya yi nasara ne kawai idan ɗalibi ya kai matsayin karatu da rubutu da kansa ba tare da jagora ba.