Abin da ke sa kwamfutar tafi-da-gidanka ta rage gudu a kan batir

Masu amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka da dama sukan lura cewa da zarar an ɗauke wuta, ko an zare caja, sai na'urar ta fara nawa. Wasu kan ɗauka lalacewa ta yi, har su kai ta wajen mai gyara.

Galibi dai lafiyarta ƙalau. Da gangan aka ƙera ta ta riƙa yin hakan, domin batirin ya daɗe bai ƙare ba.

Yadda abin yake

Firosesa, wato ɗan guntun da ke gudanar da dukkan lissafin kwamfuta, yana aiki ne bisa bugun wani agogo na cikinsa, wanda a yau kan buga sau biliyoyi cikin daƙiƙa guda. Wannan shi ne gudun da ake aunawa da megahaz ko gigahaz.

Kowane bugu yana cin wuta, kuma idan ana so bugun ya yi sauri, dole ne a ƙara ƙarfin lantarkin da ke shiga firosesar. To a nan gizo ke saƙar: wutar da ake ci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin lantarkin. Idan aka ninka ƙarfin sau biyu, cin wutar zai ninka sau huɗu. Saboda haka rage ƙarfin ko da kaɗan ne yakan kawo rarar wuta mai yawa, sai dai ba ya yiwuwa sai an rage gudun tare da shi.

A watan Janairun shekara ta 2000 ne kamfanin Intel na Amurka ya fito da wannan dabara a kasuwa, da sunan SpeedStep. Firosesar Pentium III mai gudun megahaz 650 takan sauka zuwa 500 idan an zare caja, ƙarfin lantarkinta kuma ya sauka daga bolt 1.6 zuwa 1.35. Bisa lissafi, gudun bai ragu da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma wutar da take ci ta ragu da kusan rabi.

A cikin shekarar ce kuma kamfanin AMD ya fito da tasa dabarar mai suna PowerNow!

Matakai biyu kawai SpeedStep ta farko take da su: na caja da na batir. Firosesar Pentium M ta shekara ta 2003, wadda injiniyoyin Intel suka tsara a birnin Haifa, ta zo da matakai da dama, inda gudun ke hawa da sauka gwargwadon nauyin aikin da aka ba ta. A shekara ta 2008 kamfanin ya ƙaro Turbo Boost, wadda ke barin firosesa ta zarce gudunta na ƙa'ida na ɗan lokaci, muddin ba ta yi zafi ba. Yawancin kwamfutoci kan taƙaita wannan ƙari idan suna kan batir.

Sababbin firosesoci irin su M1 na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2020, sun ƙara da raba aikin gida biyu: wasu sassa masu ƙarfi domin babban aiki, wasu masu tsimin wuta domin ƙananan ayyuka.

Zafi da ƙura

Akwai wani rage gudun na daban, wanda ba ruwansa da batir. Idan zafin firosesa ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Wannan kan faru ko da caja na jone.

Matsalar ta fi shafar ƙasashe masu zafi. A Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara kan wuce digiri 40, iskar da fankar kwamfutar ke jawowa domin sanyaya ta ma zafi gare ta. Ƙurar hunturu kuma takan toshe kafofin iskar a hankali, sannan ɗora na'urar a kan katifa ko darduma yana rufe su baki ɗaya. Kwamfutar da ke nawa tana kuma huci, sau da yawa shara take buƙata, ba sabon batir ba.

Caja ma tana da nata. Wasu kwamfutocin, musamman na kamfanin Dell, sukan tantance cajar da aka jona musu, kuma idan ba su gane ta ba, ko ƙarfinta ya gaza, sai su sauke gudunsu ƙasa sosai, wani lokacin ma su ƙi cajin batirin. Wanda ya sayi caja mai araha a kasuwa yana iya fuskantar hakan ba tare da sanin dalili ba.

Zaɓin mai na'ura

Manhajar Windows tana bai wa mai kwamfuta damar zaɓa, a sashen saitin wuta da batir, tsakanin cikakken gudu da tsimin batir da kuma matsakaici. Ga mai rubutu ko karatu a intanet, da wuya ya ga bambanci idan ya zaɓi tsimi, kuma rage hasken allo kan taimaka ƙwarai, domin allon na cikin sassan da suka fi shan wuta. Mai haɗa bidiyo ne zai ji a jikinsa.

Batun ya taɓa zama rigima, ko da yake a kan wayar salula ne. A ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu wayoyin iPhone da batirinsu ya tsufa, domin kada su riƙa mutuwa ba zato. A shekara ta 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar euro miliyan 25, saboda bai sanar da masu wayoyin ba.